Asirin da Muka Rufa wa Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinta da ke bayan gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama, ya yalwata miki inda kike.

A firamare an koya mana cewa idan an gama gaisuwa a wasiƙa, sai a rubuta, "Ina fatan kina lafiya kamar yadda muke lafiya a nan." Malaminmu har bulala yake yi wa wanda ya manta wannan layin. Ni na tsallake shi da gangan, Inna. Ba mu lafiya. Faɗin muna lafiya ɗin nan shi ya kai mu inda muke yau.

Kin san ni da nauyin baki. Ko gidan maƙwabta kika aike ni, sai in tsaya a zaure ina murza bakin mayafi har a gaji a tambaye ni abin da ya kawo ni. To, takarda ba ta da ido, ba ta kallona. Malama Kulu ta asibitin shan magani ta ce in rubuta, za ta sa a wayarta mutane su karanta. Na ce su karanta. Abin ɓoyon ya riga ya ƙare.

Maganar Baba ce.

Ke kika fara ganewa, tun yana sana'ar fito da jirginsa na ruwa, yana ɗaukar mutane da buhunan shinkafa zuwa kasuwar Dole Kaina. Ranar da ya shigo yana faɗa wai an ɗauke masa filafili, abin tuƙin jirgi, alhali ga shi a hannunsa, duk muka yi dariya, har da shi. Ranar da ya tambaye ki ko an ba awaki ruwa, kika ce an ba su, ya sake tambaya, ya kuma sakewa, ba ki yi dariya ba. Kina juya kifi a kan banda, kika tsaya kina kallonsa har tarwaɗar ta ƙone.

Daga nan sunayen mutane suka fara kuɓuce masa. Mutumin da ya san sunan kowane fasinja da na ubansa, ga shi yana kallon fuskar maƙwabci yana laluben abin da zai kira shi.

Kika ja ni bayan rumbu kika ce, "Zara'u, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ubanki mai fito ne. In aka ji kansa ya taɓu, wa zai sake sa ƙafa cikin jirginsa? Kuma mutanen garin nan ba su san mantuwa ba, hauka suka sani."

Sai kika koya mini dabarar. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida, in riga Baba fita, in gaishe shi da ƙarfi in kama sunansa: "Sannu da zuwa, Malam Jibo!" Baba yana ciki zai ji sunan, ya fito da fara'a, "A'a, Jibo, kai ne tafe?" Sauran kuwa mai sauƙi ne. Gaisuwa ba ta ɓace masa ba. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya muka ji da sauro. Zai iya jan gaisuwa har baƙo ya gaji ya tashi, ya tafi yana cewa mai fito yana nan ƙalau.

Ni da ba na iya ɗaga murya, na koyi ɗaga ta don wannan aikin kaɗai.

Sannan ciwonki ya zo. Kina ramewa, zanenki yana zagaye ki har ya yi saura, mata suna shigowa suna "Ya jiki?" kina "Da sauƙi." Ranar da ba ki iya ɗaga kofin kunu ba, da sauƙi. Ranar da aka ɗauke ki a amalanke zuwa bakin titi, da sauƙi. Ban taɓa jin ciwonki ya ƙaru a bakinki ba, Inna. Sauƙi ya yi ta ƙaruwa har aka binne ki.

Kika bar mini Baba da dabararki. Yaya Hinde tana gidan mijinta a ƙetaren iyaka, cikin Binin, ga goyo ga ciki, sai dai ta aiko da gaisuwa. Baffa Garba, ƙanen Baba, yana shagonsa a Bagudo, yakan leƙo ranar Juma'a. Saura ni.

Akwai abin da ya faru bayanki da ba ki sani ba. Wata ranar kasuwa, rana tsaka, ba hazo ba hadari, Baba ya ɗauko fasinjoji zai dawo da su gida, sai ya karkata jirgi ya shiga wani hannun gulbi da ba namu ba. Fasinjoji suna ce masa ba nan ba ne, yana ce musu su wa suka haife su da za su koya masa kogin Kwara. Bai tsaya ba sai da jandarmomi, jami'an tsaron Binin, suka tare su. Baffa Garba ne ya je ya karɓo shi. Da suka dawo, ya tara mutane ya ce inji ne ya mutu, ruwa ya ja su. Daga ranar ya sa yaron jirgi yake tuƙi, Baba yana zama a baya kamar mai duba aiki, wai idonsa ne ya fara rauni.

Ki riƙe wannan, Inna. Baffa ya sani. Da ƙafarsa ya je ya karɓo shi.

Ban faɗa wa kowa ba sai Malama Kulu. Ita ma ba niyya na yi ba. Na je karɓar maganin zazzaɓi, ta ga ina gyangyaɗi a kan benci, ta ce, "Ke wannan 'yar, wane aiki kike yi da ya tsotse ki haka?" Ta rufe ƙofa, ta ba ni ruwa, ta yi shiru. Shirun nata ne ya buɗe mini baki.

Ta ce abin yana da suna. Cutar mantuwa ce, likitoci suna ce mata Alzaima. Ba sammu ba ne, ba aljanun ruwa ba ne, ƙwaƙwalwa ce take lalacewa a hankali. Ta ce har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. Amma ta ji labarin cewa a wani babban asibitin koyarwa, can birni, likitoci suna gwajin wani sabon magani, don a ga ko zai rage wa cutar gudu, kuma suna neman waɗanda za su shiga.

Ba ta yaudare ni ba, ina so ki san haka. Ta ce gwaji sunansa gwaji. Wasu za a ba su maganin, wasu a ba su abin da ya yi kama da shi, ba wanda zai san nasa. Ta ce yana iya yin amfani, yana iya ƙi, yana ma iya kawo wata illar. Amma duk wanda aka ɗauka, likitoci za su riƙa duba shi a kai a kai, su ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, su auna jininsa, su san halin da yake ciki. Ni wannan kaɗai ma ya ishe ni. A ce akwai wani babba a duniya da ya san gaskiyar ciwon Baba ban da ni.

Sai ta lissafa mini sharuɗɗan. Kada ya zama ya taɓa shanyewar ɓarin jiki. Bai taɓa ba. Kada ya zama yana shan maganin tsinka jini. Ba ya shan komai sai jiƙon sabara. Shekarunsa su faɗa cikin waɗanda ake nema. Sun faɗa. Babban sharaɗin shi ne cutar ta kasance a farkonta: ta fito har ana iya gane ta, amma ba ta ci ƙarfinsa ba. Malama Kulu ta ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yadda kika ba ni labarin nan, babanki yana daidai wurin."

Na ƙarshe shi ne ya karya ni. Sai mara lafiya ya zo da wani nasa da ya san zamansa na yau da kullum, wanda likita za ta yi wa tambayoyi shi kaɗai, kuma ya riƙa rako shi duk zuwa. Wannan mutumin sai ya kai shekara goma sha takwas.

Ni ina da sha huɗu a lokacin. Ni nake dafa masa, ni nake neman takalminsa a cikin tukunya, ni nake kiran sunayen baƙinsa. Na isa wanke masa kaya, ban isa a tambaye ni ba.

Da kina nan, ke ce za ki tafi. Na daɗe ina faɗa wa kaina haka. Yanzu kuma ban sani ba ko da kin je ɗin, me za ki ce mata.

Malama Kulu ta je har shago ta sami Baffa Garba. Ya yarda, don yana son yayansa, wannan ba na musu a kai. Ya ɗauka za a ba su magani a kwalba ne su dawo ba wanda ya ji. Da safen da za su tafi na tare shi a zaure, na ce, "Baffa, don Allah ka faɗa musu maganar jandarmomi." Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ke, yaushe aka haife ki? Je ki ɗaure awaki."

Suka tafi. Na share gida, na yi ta addu'a a ce an ɗauke shi.

Da suka dawo, tun daga bakin titi na ji muryar Baffa yana dariya. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suka taru, aka ce in dama kunu. Ina bayan zana ina zubawa, ina jin komai.

Baffa yana ba da labari yana tafa hannu. "Likitar yarinya ce, wallahi ba ta girmi Hinde ba, da tabarau. Ga wani a gefe yana rubuta duk abin da na ce, kamar a kotu. Wai, 'Baffa, ya taɓa ɓacewa a hanyar da ya sani?' Na ce wa, Yaya? Mutumin da kifi ke tambayarsa hanya?" Aka fashe da dariya.

"Wai yana maimaita magana? Na ce wane dattijo ne ba ya maimaita magana, ku yaran yanzu kuna ji ne da sau ɗaya? Wai ya daina wani aiki da ya saba yi? Na ce kullum yana cikin jirginsa, je ki tambaya. Ta cire tabarau ta ce in yi tunani da kyau, wai babu kunya a ɗakin likita. Na ce 'yata, ko gaban alƙali maganata ke nan."

Wani ya ce, "To me ta ce?"

"Me za ta ce? Ƙalau yake! Ta ce mu koma gida, ba irinsa suke nema ba."

Aka yi ta "Alhamdulillahi." Wata a cikin gida har da guɗa. Aka sha kunu, aka yi fatiha. Baba yana tsakiya cikin babbar rigarsa yana murmushi, yana amsa barka, bai san barkar me ake yi masa ba. An kore shi daga ƙofar da muka samu guda ɗaya, gari ya taru yana taya mu murna. Ni na wanke kofunan.

Washegari Malama Kulu ta buga waya can asibitin, ta zo ta faɗa mini ainihin yadda aka yi. Likita ba ta ce ƙalau yake ba. Ta ce ya yi tuntuɓe a wasu tambayoyin, amma tambayoyin nasu ba sa auna wanda bai yi boko ba yadda ya kamata, don haka maganar na gida ita ce rabin awon. Na gida kuwa ya rantse babu abin da ya sauya. Ba za su iya wucewa da shi zuwa hoton ƙwaƙwalwa a kan haka ba. Ta ce in an ga canji, a dawo da shi da wuri.

Malama Kulu ta koma wurin Baffa. Ya tashi tsaye a shagonsa ya ce, "Likita ta wanke shi, ke kuma so kike sai an rubuta masa hauka? Me ya yi miki?" Ta ce ita za ta raka shi, aka ce ba ta zaune da shi, kuma ba jininsa ba ce. Na aika wa Yaya Hinde saƙo, ta aiko cewa ai ta ji albishir, Allah ya ƙara sauƙi.

Sai damina ta sauka. Kin san yadda ƙasar Kaoje take in gulbi ya cika. Ruwa ya ci shinkafa, ya ci hanya, muka koma tudu muka zauna a makaranta da awakinmu. Wannan tashin ya ƙarasa rikita Baba. Kullum yana neman ƙofar ɗakinsa a jikin bangon aji. Da ruwa ya janye muka koma gida, shi bai dawo duka ba.

Rani ya wuce, wata damina ta zo ta wuce. Ina gani yana tafiya kamar gaɓar gulbi, yau ɗan gefe ya zube, gobe wani. Zai zauna alwala, ya wanke hannu, ya tsaya yana kallon buta. Zai tada sallah ya yi ta raka'a ba sallamewa har sai na yi gyaran murya. Ya daina cin abinci in ba ni na miƙa masa ba. Mutane suna wucewa suna "Ya mai jiki?" ina "Da sauƙi," da bakin nan nawa, yadda kika koya mini.

Abin da ya juya Baffa ba maganata ba ce. Wata Juma'a ya yi sallama, na fita na ɗaga murya, "Sannu da zuwa, Baffa Garba!" Baba ya fito, ya ba shi hannu da ladabi, ya ce, "Maraba da baƙo. Daga wane gari?" Na sake kiran sunan. Baba ya ce, "Garba? Ina da ƙane mai wannan suna, yaro ne, yana wurin kiwo."

Baffa ya zauna a kan turmi. Bai sha ruwan da na kawo ba. Da zai tafi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki shirya kayanku. Da ke za a je, tunda ba ya cin abincin kowa."

Haka na ga birni, Inna. Ban ga komai a cikinsa ba sai hannun Baba da nake riƙe da shi.

Likitar tana nan da tabaranta. Ta gane Baffa. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Ya ja mata gaisuwa mai kyau, har da ya ruwa. Sai ta fara tambaya. Wane lokaci muke ciki, rani ko damina? Ya dube ni. Ta faɗi abubuwa uku ta ce ya riƙe, kafin ta juya sun zube. Da ta ji sana'arsa, ta ce to ya lissafa mata sunayen kifi, duk wanda ya sani.

Inna, Baba ne fa. Shi ya koya mini bambancin ƙarfasa da gargaza tun ban iya ɗaura zane ba. Ya buɗe baki ya ce, "Tarwaɗa." Ya murza hularsa. Ya ce, "Da tarwaɗa."

Likita ta ajiye alƙalami ta ce, "Wa yake zaune da shi?" Baffa ya nuna ni da haɓa. Ta ce ko da ba za a rubuta sunana a matsayin mai rakiya ba, tana so ta ji daga bakina. Ta juyo da kujerarta gabana.

Na faɗa. Ina kallon ƙasa, amma na faɗa duka. Filafili, awaki, takalmi a tukunya, sunayen baƙi, jandarmomi, buta. Ta ce, "Yaushe ya fara?" Na ce, "Tun Inna tana da rai." Ta ce, "Maganar ɓacewa a gulbi, kafin zuwansu na farko ne ko bayansa?" Na ce kafin.

Ta juya ta dubi Baffa. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Baffa, da ka faɗa mini."

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai yayana ne, likita."

Shi ke nan hujjarsa. Kuma na san har cikin zuciyarsa ya ɗauka ta isa.

Ta yi mana bayani a hankali. Maganin da suke gwadawa na masu farkon cutar ne. Baba ya wuce wurin. Ko sun so, dokar gwajin ba ta bari, kuma ba su da dalilin zaton zai amfane shi yanzu, sai dai su ɗora masa haɗari a banza. Ta sake cewa ko da an ɗauke shi wancan karon, ba wanda zai yi alkawarin komai. Ta koya mini yadda zan riƙa lallaɓa shi, ta ce in ɗinka sunan garinmu a cikin rigarsa, ta ce in riƙa samun mai karɓata ina hutawa. Ta riƙe hannuna ta ce na yi ƙoƙari.

Ban so ta ce na yi ƙoƙari ba. So na yi ta ce a kawo shi ranar kaza.

Zuwan farko an ce bai isa ciwo ba, zuwa na biyu an ce ya wuce ciwo. Alhali akwai lokacin da yake daidai, kuma a cikin wannan lokacin ya shiga ɗakin nan da ƙafarsa ya zauna a kujerar nan. Wadda ta sani ba ta isa magana ba, wanda ya isa magana ya ƙi faɗa. Ina jin haushin dokar da ta ƙirga shekaruna ba ta ƙirga kwanon tuwon da na miƙa masa ba. Ina jin haushin Baffa. Kuma Allah ya yafe mini, Inna, ina jin haushinki. Ke kika ce a rufa. Ba ki faɗa mini ranar buɗewa ba. Karin maganar ciki da tuwo kika ba ni, kika riƙe ta ranar wanka da ba a ɓoyon cibi.

Amma ban gama ba ki labari ba. Sauran shi ne ya fi ci mini rai.

Da muka dawo gida na yanke shawara na daina rufa asirin. Kwana biyu bayan nan aka yi sallama a ƙofa. Na gane muryar, Malam Jibo ne, abokin Baba tun suna yara suna jefa komar kamun kifi tare. Na zauna inda nake, ban fita ba, ban kira sunan kowa ba. Baba ya fita shi kaɗai, ya tsaya yana kallonsa kamar bai taɓa ganinsa ba. Na leƙa ta jikin zana ina jiran in ga yadda asirinmu zai tonu.

Malam Jibo bai ko girgiza ba. Ya kama hannunsa ya ce, "Ni ne Jibo, mai fito. Zauna." Ya zaunar da shi a tabarma. Sannan ya ɗaga murya, "Zara'u, yau ba a kiran sallah ne?"

Na fito. Na ce, "Malam, Baba ba shi da lafiya. Babu sauƙi. Cutar mantuwa ce, ta daɗe."

Ya dube ni da tausayi ya ce, "'Yar nan, ai mun sani. Tun marigayiya tana da rai muka sani. Yarinyar da ba a jin muryarta, rana ɗaya ta fara kwaɗa sunayen mutane kamar ladan, kin ɗauka ba mu da kunne? Ranar jandarmomi kuma matata tana cikin jirgin, injin lafiyarsa lau."

Na ce, "To ranar da kuka sha kunu kuna barka fa?"

Ya ce, "To me za mu ce? Garba ya ce ƙalau, sai mu ƙaryata shi a ƙofar gidan yayansa? Mun ga kuna rufewa, muka taya ku rufewa. Ba a kunyata mutum a kan ciwonsa."

Kin ji, Inna. Babu wanda muka ɓoye wa. Masu fasa kifi sun sani, masu shiga jirgi sun sani, mai guɗar nan ta sani. Muna rufa masa asiri daga gari, gari yana rufa mana asirin cewa ya sani. Kowa yana yi wa kowa kara. A duk faɗin duniya mutum ɗaya ce kawai ta yarda da maganarmu, ita ce likitar da take da abin ba shi.

Ban yi kuka a gaban Malam Jibo ba. Na shiga bayan rumbu, daidai inda kika tsayar da ni ranar nan.

Yanzu Malam Jibo yana zuwa kusan kullum da tsohuwar koma mai huji. Yana ɗora wa Baba a cinya, ya sa masa zare a hannu. Kan Baba ya manta sunan kifi, amma yatsunsa ba su manta ƙulli ba. Yana ɗinkewa tsaf, ido ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa a kwance. In ya gama, Malam Jibo ya tafi da ita gida ya sake yagawa ya dawo da ita gobe. Baffa ma yana zuwa, ba Juma'a kaɗai ba. Yana zama a matsayin baƙo, Baba yana ba shi labarin ƙanensa Garba mai ƙiriniya, shi kuma yana saurare yana share ido da hannun riga. Ina gaishe shi, ina kai masa ruwa. Ban huce ba tukuna. Ba zan ce miki na huce ba.

Idan wani yana leƙen wannan takarda ta kafaɗata, kuma akwai tsoho a gidansu da ya fara tambaya ɗaya sau uku, to ya ji abin da ya same mu. Ni iyakar abin da zan iya ke nan.

Inna, duk da haushin nan, ina kewarki. Na san tsoro ne ya sa ki, da son kada a yi wa mijinki dariya a bakin gulbi. Wani lokaci in ina juya kifi a kan banda sai in ji hannuna yana yi irin naki, sai haushin ya rasa wurin zama. Kullum da la'asar Baba yakan dubi ƙofa ya ce, "Innarki ba ta dawo ba?" Sunayen duniya sun zube masa, ke kina nan. Nakan ce masa, "Tana hanya, Baba." Sai ya gyara zama ya ce a ajiye miki tuwo. Duk ƙaryar da na gada na zubar, wannan guda ɗaya na riƙe.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki ya yafe mana. Allah ya sa abin da ya rage wa Baba ya zo masa da taushi, kada ya ji tsoro, kada ya ɓace a inda ba za a gane shi ba. Waɗanda aka ɗauka a gwajin nan, Allah ya sa maganin ya yi musu amfani, ko da mu bai same mu ba. Ya ba mu sauƙi na gaske, irin wanda ba sai an faɗa da baki ba. Amin.

Taki ɗiya, mai kiran sunayen baƙi a da,
Zara'u